Notre-Dame ko St Paul's: wanne ya fi tsufa, wace unguwa ta fi riƙe tarihinta?

Ɗan'uwa, ka ce kwas zai kai ka Landan, daga can za ka leƙa Paris kwana biyu. Kana son sanin wanne ya fi tsufa tsakanin babban cocin St Paul's da na Notre-Dame, da kuma unguwar da za ka fi ganin tarihi in ka taka da ƙafa. Na zaga duka biyun, ga abin da na gani.

In ginin da ke tsaye yau ake magana, Notre-Dame ya girme wa St Paul's nesa ba kusa ba. An aza harsashinsa a 1163, zamanin Bishop Maurice de Sully, a kan tsibirin da ke tsakiyar kogin Seine, aiki ya yi ta ja har wajen 1345. Magina sun mutu sun bar wa jikoki. St Paul's na yanzu kuwa mutum ɗaya ne ya zana shi, Christopher Wren, an fara a 1675 an gama a 1710 yana raye. Sai dai tun 604 Landan take da coci mai wannan suna, na Wren magaji ne kawai. Na Paris na Katolika ne, mai tagwayen hasumiyoyi masu tsawon mita 69. Na Landan na Angalika ne, ƙubbarsa ta kai mita 111, kuma har 1963 babu ginin da ya fi shi tsawo a birnin.

Dukansu sun sha gobara. Ta Landan ta tashi daga wani gidan burodi a Pudding Lane a watan Satumba 1666, ta cinye gidaje fiye da 13,000 da coci 87, har da tsohon St Paul's. Masu sayar da littattafai na unguwar sun kwashe hajarsu sun zuba a ɗakin ƙarƙashin cocin, suna ganin ai dutse ba ya ci. Darmar rufin ta narke ta kwarara a titi, gini ya rufta, littattafan suka zama toka. Ta Paris ta 15 ga Afrilu 2019 da yawanmu mun kalle ta a waya: rufin katako ya tafi, doguwar tsinin tsakiya ta faɗi, amma bango da hasumiyoyi sun tsira. An sake buɗe shi ranar 7 ga Disamba 2024. Wannan tsinin da duniya ta yi wa kuka ma ba ta farko ba ce, mai zanen gine-gine Viollet-le-Duc ne ya ɗora ta a gyaran da aka yi a ƙarni na 19.

To, maganar unguwa, nan ne lissafi yake juyewa.

Idan ka tsaya a gaban Notre-Dame za ka ga fili fetal, ka ɗauka haka yake tun fil'azal. Ina! Da can gidaje ne a cushe, da ƙananan coci-coci da lunguna, har kusa da bakin ƙofa. Mai zuwa ibada sai ya kutso ta ƙunci, ya ɗaga kai ya ga gini ya rufe masa sama. A shekarun 1860, zamanin Napoleon na Uku, Haussmann, jami'in da aka ɗora wa sake fasalin Paris, ya yi wa tsibirin rusau. Aka kwashe talakawa, aka faɗaɗa filin, aka gina sabon asibitin Hôtel-Dieu a gefe guda, da barikin da ya zama hedkwatar 'yan sandan Paris. Wato da hannun hukuma aka share unguwar, ba wuta ba yaƙi.

Ka dinga duba ƙasa in ka je. A daɓen filin an shata iyakar tsohon titin Rue Neuve Notre-Dame da duwatsu masu wani launi daban. Na taka faɗinsa, 'yan taku kaɗan na tsallake, alhali a zamaninsa shi ne babban titi. A ƙarƙashin filin akwai gidan tarihi mai kangayen zamanin Rumawa. Abin da ya rage na tsohuwar unguwa yana arewa da cocin, wajen Rue Chanoinesse, inda limaman cocin suka zauna. Minti goma ka gama shi.

Landan kuwa an so a yi mata irin wannan aski tun kafin Paris. Bayan gobarar 1666 Wren ya kai wa Sarki Charles na Biyu taswirar sabon birni mai miƙaƙƙun tituna. Masu filaye ba su jira ba, kowa yana son fulotinsa a inda yake, kuma babu kuɗin biyan diyya. Sai aka sake gini a kan tsoffin lunguna. Shi ya sa har yau za ka ga Ave Maria Lane, Creed Lane da Amen Corner, sunaye daga addu'o'in coci. Paternoster, sunan wani layi a gefen cocin, shi ma farkon addu'a ce da Latin, ma'anarta "Ubanmu", kuma an ce masu yin carbi ne suka zauna a layin kafin ya zama kasuwar littattafai.

Wannan kasuwa ta sake ƙonewa daren 29 ga Disamba 1940, da jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai. Miliyoyin littattafai suka salwanta. Cocin ya tsira, da taimakon 'yan sa kai da suke kwana a kan rufi suna kashe wuta tun tana ƙarama. Yau a dandalin Paternoster kasuwar hannayen jari ta Landan take, tun 2004. Da tsakar rana za ka ga ma'aikatan banki da kwat suna cin burodinsu a kan matakalar cocin, babu mai ɗaga kai ya kalli ƙubba.

Saboda haka ga hukuncina. In gini kake so, Notre-Dame, babu ja. Ko gumakan sarakunan da ke jere a saman ƙofa suna da labari: a 1793 'yan juyin juya hali suka sare kawunan na asali, suna zaton sarakunan Faransa ne, alhali sarakunan tsohuwar ƙasar Yahuda ne, na cikin Littafi Mai Tsarki. Sai a 1977 aka tono kawunan a harabar wani banki, yanzu suna gidan tarihi na Cluny, tsallaken kogi kaɗan. In kuwa yawon unguwa kake so, ni dai na fi jin daɗin na St Paul's, duk da gilashi da kankare sun yi masa yawa. Ka gangara ta Carter Lane, ka bi lungunan da ke sauka wajen kogin Thames, ka hau gadar Millennium ka waiwayo. Daga nan ƙubbar ta fi kyau.

Shiga Notre-Dame kyauta ne, sai dai layi, don haka ka yi sammako. St Paul's ana biyan kuɗi in kallo ka je, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, amma har da hawa ƙubba a ciki: matakala 528 zuwa can ƙoli, ka sa takalmi mai sauƙi. Kada ka ware masa Lahadi, ranar ta masu ibada ce kaɗai.