Doctor Who na zamanin Ncuti Gatwa: ra'ayina

Na gama kallon season biyun da BBC suka yi tare da Disney+, kuma gaskiya surutun da masoya ke yi ya fi ƙarfin laifin shirin. Shirin talabijin ne na Birtaniya a kan Doctor, wani baƙon halitta mai yawo cikin zamunna, da aka fara tun 1963, aka tsayar a 1989, marubuci Russell T Davies ya farfaɗo da shi a 2005, shi ɗin ne dai ya dawo a 2023 ya kawo Gatwa a matsayin Doctor, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sukotilan.

Tsofaffin masoya suna ta ƙorafi wai kuɗin Disney sun ɓata shi, wai Doctor ya cika kuka, wai episode takwas a kowane season sun yi kaɗan. Maganar takwas ɗin kam na yarda da su ɗari bisa ɗari, kafin ka saba da Ruby ko Belinda, abokan tafiyar Doctor, har an zo ƙarshe, kuma episode ɗin Space Babies bai kamata a buɗe season na farko da shi ba sam. Amma don Allah wanda ya kalli episode ɗin Boom da na 73 Yards ya zo ya ce min babu labari? Ga kuma wanda ya fito a 2025 da labarinsa ya faru a shagon aski a Legas, Inua Ellams haifaffen Jos ne ya rubuta, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi yadda masu jiran aski ke ba da labari ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya min ciwo shi ne tafiyar Gatwa da wuri, sai kawai muka ga fuskar Doctor ta rikiɗe ta koma ta jaruma Billie Piper ba wani bayani. Ina ba shirin bakwai cikin goma, kuma sabon shiga ya fara da Boom.