Dim sum ko taliyar jatan lande: amsa ga Alhaji mai shirin zuwa Guangzhou da Penang

Alhaji, barka da war haka. Na ga tambayar da ka ajiye mana jiya da daddare. Ka ce za ka je baje kolin Canton na watan Oktoba a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutumin da kake sarin kaya a wajensa ya yi alkawarin kai ka cin dim sum, daga can kuma za ka biya ta Penang a ƙasar Malesiya ka duba yaronka da ke karatu, shi ma ya cika maka kunne da labarin wata taliyar jatan lande. Kana son sanin wanne ya fi, wanne ne kuma Musulmi zai ci hankalinsa kwance. Na ci duka biyun a garuruwan da ake yin su, ga abin da na gani.

Dim sum ba sunan abinci ɗaya ba ne. Zama ne. Mutanen Guangzhou ma ba sa cewa za su je cin dim sum, cewa suke za su je "yum cha", wato shan shayi, kuma da safe aka fi yinsa. Tsofaffin gidajen shayi irin su Tao Tao Ju, wanda ake lissafa kafuwarsa tun 1880, da Lianxiang Lou na 1889, har yau cike suke da dattawa da suka zo da jarida su yi awa biyu a kan buta ɗaya. Kana zama za a tambaye ka wane ganyen shayi kake so, ba madara, ba sukari. Sai a fara kawo ƙananan kwanduna na gora, irin aikin madambacinmu suke yi, kowanne da loma uku ko huɗu a ciki suna tururi. Teburin na kowa ne, kowa ya miƙa tsinkensa, wato 'yan sandunan nan biyu da suke cin abinci da su, ya ɗauka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne har gow. Ɓawonsa da sitacin alkama da na rogo ake murza shi, siriri har kana hango jan jatan landen da ke ciki, an naɗe bakinsa ninki-ninki kamar aikin dogon ɗinki. Idan gwani ne ya yi, za ka ɗaga shi da tsinke bai yage ba, ka ciza ka ji naman ya yi ƙaras. Da shi ake auna mai girkin gidan. Akwai siu mai mai buɗaɗɗen kai, akwai cheung fun, wato shimfiɗar ƙullun shinkafa da ake turarawa a naɗe a zuba mata ruwan waken soya, akwai ƙafar kaza da aka dafa ta yi luguf, akwai shinkafa mai danƙo a ƙunshe cikin ganyen bado.

Ita kuwa taliyar jatan lande kwano ɗaya ce, kai kaɗai, minti goma sha biyar ka tashi. 'Yan ƙabilar Hokkien da suka yi ƙaura daga lardin Fujian ne suka kai ta Penang da Singafo. Duk sirrinta a romo yake. Na taɓa tsayawa da sassafe ina kallon mai rumfa yana soya tulin kawuna da ɓawon jatan lande, abin da mu zubarwa za mu yi, yana dannawa da ludayi har man ya koma ja kamar manja, ƙamshin ya cika layin. Daga nan ya juye a tukunya, ta yi sa'o'i tana tafasa. In ka yi oda, sai a tsoma taliya rawaya da siririyar ta shinkafa a ruwan zafi, a sa tsiron wake da wani ganye mai kama da alayyafo da suke kira kangkung, a kwarara romon, a ɗora rabin dafaffen ƙwai, soyayyiyar albasa da cokalin yajin sambal. Ga ɗan Arewa da harshensa ya saba da yaji da romo, wannan ta fi saurin shiga rai. Dim sum ba yaji, ɗanɗanonsa a hankali yake zuwa, wasu 'yan'uwanmu ma cewa suke ba gishiri.

To, ga inda nake so ka tsaya ka karanta da kyau. Shi jatan lande ba shi da matsala a wajenmu, a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne. Matsalar ita ce abokin tafiyarsa. Duka abincin nan biyu a ido na jatan lande ne, kuma duka biyun a girkinsu na asali akwai alade, sai dai kowanne da inda yake ɓoye shi.

A taliya, aladen a wuri ɗaya yake: tukunyar romo. Da ƙashin alade ake dafa ta tare da kawunan jatan landen, sau da yawa a ɗora yankan naman ko soyayyen kitsensa a sama. Don haka cewa "kada a sa mini nama" ba ta warware komai, romon ya riga ya haɗu tun asuba. Amma kasancewarsa wuri ɗaya ya sa tambaya ɗaya ta isa: da me aka dafa romon?

A dim sum kuwa ya watsu ko'ina. Siu mai niƙaƙƙen naman alade ne da ɗan jatan lande. Char siu bao, farin burodin nan mai laushi, gasasshen alade ne a cikinsa. Shinkafar ganyen badon da ake ce maka ta kaza ce, yawanci da tsiran aladen da suke kira lap cheong a ciki. Har kayan zaƙi bai tsira ba, domin ɓawon kek ɗin ƙwai da kitsen alade aka saba murza shi. Ni kaina na taɓa cin har gow a wani gida ina ganin ai jatan lande ne zalla, sai daga baya wani mai girki ya gaya mini cewa masu yawa suna cuɗa shi da yankakken kitsen alade don ya yi maiƙo. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, tun daga nan na daina yarda da idona. Ga kuma giyar shinkafa ta Shaoxing da ake jiƙa nama da ita, ga kazar da ba ka san wa ya yanka ba. A gidan da ba na halal ba, in ka ce za ka bi kwando-kwando kana tambaya, za ka gaji, mai masaukinka ya ji kunya, kuma ba lallai mai kawo abincin ya san amsar ba.

Shi ya sa a Guangzhou gida za ka zaɓa, ba kwando ba. Haruffa biyu za ka haddace, 清真, ana karanta su "qingzhen", ma'anarsu halal. Ka ɗauki hotonsu a waya, domin ba kowane allo ne yake da rubutun Larabci ba. Akwai tsohon gidan abinci na Musulmin Hui mai suna Huimin Fandian a titin Zhongshan na shida, ba nisa da masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya, suna yin dim sum irin na Guangzhou da naman sa, rago da kaza. In tafiya ta kai ka Hong Kong, ɗakin cin abincin da ke hawa na biyar a masallacin Ammar na unguwar Wan Chai ya shahara da shi. Ka gaya wa mutuminka tun kafin ranar, kada ka bari sai an zauna. Na ga 'yan kasuwarsu suna girmama wanda ya faɗi ƙa'idarsa a fili tun da wuri.

A Penang abin ya fi sauƙi, amma akwai tarkon suna. A can "Hokkien mee" ita ce wannan taliya mai romo. A Kuala Lumpur sunan nan na wata baƙar soyayyiyar taliya ne da ake yi da kitsen alade, a Singafo kuma wata soyayyiyar ce daban. Kai dai ka ce wa yaronka ya kai ka cin "mee udang", wadda Musulmin Malay suke yi. Garin Sungai Dua da ke ɓangaren jihar Penang wanda ba a kan tsibiri yake ba ya yi suna da ita: manyan jatan lande da ɓawonsu, romo mai kauri ja, da ɗan zaƙi da tumatir. Gaskiya ɗanɗanonta ba ɗaya ba ne da ta 'yan Hokkien, amma ba ta gaza ba ko kaɗan. In a babban gidan abinci ne, ka nemi tambarin halal na hukumar JAKIM, a Singafo kuma na MUIS. Allon da aka rubuta ba alade ba kitsensa kawai bai ce komai a kan giya ko yanka ba.

Kuɗi kuwa, taliya abincin rumfa ce, ba ta taɓa aljihu. Dim sum kowane kwando da farashinsa, ga kuɗin shayi a kan kowane mutum, yana taruwa ba ka sani ba. Amma wanda ya gayyata shi yake biya, kada ka matsa har ya ga kamar ka raina shi.

In daɗin baki kawai kake tambaya, ni taliyar zan ɗauka. Amma ba don ciki aka gayyace ka dim sum ba, Alhaji. A kan wannan teburin ne mutumin zai karance ka, sau da yawa kuma a nan farashi yake sassautowa fiye da a cikin shago. Kada ka ƙi zuwa. In ka ga an kawo kwano da ruwan zafi tun farko, na ɗauraye kofi da tsinke ne, ba na sha ba. Ka zuba wa na kusa da kai shayi kafin ka zuba wa kanka. In shi ya zuba maka, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsu ke nan. Butar ta ƙare, ka ɗan buɗe murfinta ka bar shi a karkace, za a zo a ƙara ruwa ba sai ka kira kowa ba. In tsinken ya gagare ka, nemi cokali, ba wanda zai ga laifinka, sai dai kada ka soke tsinken a tsaye cikin shinkafa, yana tuna musu turaren da suke kunna wa mamatansu.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba da kasuwa. In ka isa ka turo mini sunan otal ɗinka, zan kwatanta maka hanyar jirgin ƙasa zuwa titin Zhongshan.