Wane Keke Ne Zai Jure Yashi da Zafin Sakkwato? Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin kabu-kabu kuma ya bi bayanta. Wanda ke kashe, a ce, naira 1,500 kullum zuwa aiki da dawowa, a kwana 26 ya fitar da 39,000. Shi ya sa ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da dama suka koma tambayar kuɗin keke. Shawara ce mai kyau, amma keken da za a hau safe da yamma, rani da damina, ba a zaɓensa da ƙyallin fenti ko yawan giya. A Sakkwato abu uku ke cin keke: yashi, ƙaya da zafin rana. Na huɗu shi ne wanda mai saye ba ya tunawa sai ta ɓaci, wato ko mai gyaran unguwarku yana da kayansa.

Fara da auna hanyarka. Wanda gidansa ke bakin kwalta a Gawon Nama ko Runjin Sambo ba buƙatarsu ɗaya da wanda sai ya ratsa rairayi a ƙarshen Arkilla ko Kwannawa kafin ya ga titi ba. Tafiya cikin natsuwa, ba tare da jiƙa riga ba, kilomita 12 zuwa 15 ce a awa, don haka kilomita 5 za ta ci maka minti 20 zuwa 25. Garin ba shi da manyan tsaunuka, sai ɗan hawa idan ka taso daga wajen gulbi. In tafiyarka ba ta wuce kilomita 7 ko 8 ba, giya ba dole ba ce. In kuwa kullum sai ka je mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Wamakko, ga iskar hunturu tana bugun ƙirjinka daga arewa maso gabas, to giya za ta yi maka rana.

Baƙin keke mai sanda

Wannan shi ne keken iyaye da kakanni, wanda Raleigh ta yi suna da shi. A yau galibi na Sin da Indiya ne ke kasuwa, irin su Phoenix, Hero da Avon. Kada a ruɗe ka da tambari: Raleigh ta daina ƙera keke a Nottingham ta Ingila tun 2002, don haka sabon da aka ce maka "ɗan Ingila ne" ka duba ƙarfensa, ka bar sunan.

Tayarsa 28 x 1½ ce. Girman ƙafar yana sa ya tsallake ramuka ba tare da girgiza ka ba, kuma da zarar ya ɗauki gudu sai ya riƙa tafiya da ɗan tuƙi kaɗan. Zaman a miƙe yake, baya ba ya gajiya. Kariyarsa na ɗaukar jarkar ruwa, buhun albasa ko yaro zuwa makaranta. Babbar falalarsa ita ce babu mai gyaran keke a garin nan da bai san cikinsa ba, kuma boris (ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke sa ƙafa da feda juyawa), noti, feda da robar birkinsa ana samunsu har a ƙauye. Idan firam ya tsage, ƙarfe ne, mai walda zai haɗa shi.

Aibunsa ma a fili suke. Nauyinsa ya kai kilo 20, ga tsawo, wanda bai kai santimita 165 ba, zai sha wahalar mai firam inci 24, ya nemi mai 22. Birkinsa na sandar ƙarfe ne da ke jan roba ta kama cikin rim, saboda haka da rim ya ɗan karkace sai birki ya riƙa kamawa yana saki, in kuma ruwan sama ya jiƙa shi sai ya yi sanyin kamu ƙwarai. A damina ka fara matsa birki tun da nisa. Sai kota, ɗan ƙarfen da ke riƙe hannun feda: in ya yi sako-sako za ka ji feda na faɗawa gaba da ɗan "ƙwas" a kowane zagaye. A sauya shi nan da nan, don in aka bar shi zai cinye ramin hannun fedar, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma babba.

Sabon baƙin keke a kwali yake zuwa, a nan ake haɗa shi, kuma a wajen haɗin ne ake cutar mai saye. Sau da yawa boris na zuwa kusan a bushe, sifok, wato wayoyin da ke riƙe rim da cibiyar ƙafa, kuma ba a ɗaure su daidai ba. Ka ware kuɗin aiki ka tsaya a kan mai haɗawa ya buɗe cibiyar ƙafar gaba da ta baya, da gindin feda, da wuyan kai, ya cika su da giris, sannan ya daidaita sifok ɗaya bayan ɗaya. Aikin awa biyu ne, amma shi ke raba keken da zai shekara goma da wanda zai fara kuka kafin wata uku.

Keken Japan na gwanjo

Ga mai zirga-zirga a kan kwalta da kaftani ko doguwar riga, da wuya a samu wanda ya fi wannan daɗi. Ba shi da sanda, ba sai ka ɗaga ƙafa sama ba, dattijo da 'yar makaranta duk suna hawansa cikin sauƙi. Sarƙarsa a rufe take, ba ta cin bakin wando, ƙura ma ba ta samunta sosai. Yawanci yana zuwa da kwando, madigadi, jak mai ƙafa biyu, makulli a ƙafar baya, da fitila mai samun wuta daga juyawar ƙafa. Wasu suna da giya uku ta kamfanin Shimano a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, inda yashi ba ya kai mata. Irin wannan giyar ana canza ta ne idan an ɗan dakatar da tuƙi, har a tsaye ma tana shiga.

Tarkon yana wajen taya, kuma nan ya kamata a natsu. Kekunan Japan na zuwa da 26 x 1⅜ ko 27 x 1⅜. Wannan 26 ɗin ba ɗaya take da 26 ta keke mai faffaɗar taya ba, duk da lamba ɗaya aka rubuta. Ka duba gefen tayar, akwai wasu lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, misali 37-590. Ta biyun ita ce faɗin da'irar rim daga gefe zuwa gefe a milimita, ita ce gaskiyar magana. Ta Japan 590 ce ko 630, ta mai faffaɗar taya 559, ta baƙin keke 635, ta Turai da ita ma ake kira 28 kuwa 622 ce. Ba wadda ke hawa rim ɗin wata. Mutum kan tura kekensa cikin rana har wurin mai faci, a juya tayar a ce masa, "Malam, tayag ga ba a samun ta nan." Saboda haka kafin ka biya, ka rubuta lambar, ka zaga wajen masu kayan keke a Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa ka ga tayar da tiyub ɗinta da idonka.

Bawul ɗinsa ma daban ne. Irin na Dunlop ne, mai 'yar siririyar roba a ciki, kuma zafi na busar da robar har ta tsage. In ka wayi gari taya a kwance alhali ba ƙaya, kwance bawul ka duba robar kafin a ɓata maka tiyub da neman huda. Birkin baya na wasunsu wani ɗan faranti ne mai bel a ciki, yana tsufa yana ƙara mai ciwon kunne. Kada a zuba masa mai don ya yi shiru, zai daina kamawa gaba ɗaya, sauya shi ake yi. Kariyarsa ba ta buhu ba ce, galibi an buga iyakar nauyinta a jikinta, kilo 18 ko 27. Siririyar tayarsa kuma nutsewa take a rairayi, sai ka sauka ka tura.

Mai faffaɗar taya da giya

Nan akwai iri biyu da ido ke ɗauka ɗaya ne, alhali tsakaninsu akwai nisa. Na farko sabo ne mai araha, mai launi, da shakazoba gaba da tsakiya, an rubuta giya 21. Ba mu ba kowa shawarar ya saye shi don zuwa aiki. Shakazobar tsakiyar tana shanye ƙarfin tuƙinka, kana dannawa keke na lotsawa, ga nauyi, ga ba wurin ɗaura kariya. Hannun birkinsa roba ce, ƙarfen canza giyar kuma gwangwani ne da ke lanƙwashewa daga faɗuwa ɗaya.

Na biyu na hannu ne daga kamfanoni irin su Giant, Trek ko Merida, mai taya 26 x 1.95 ko 2.1, ba shakazoba a tsakiya. Ga wanda unguwarsa yashi ce, wannan ne zaɓi. Faɗin tayar na sa ya bi saman rairayi, musamman in an ɗan rage iska, ƙaramar giya kuma tana fitar da kai daga inda baƙin keke zai tsaya cak. Ka fifita mai birkin waya da ke kama rim a kan mai faifai da ke aiki da mai, don na farkon kowa na gyara shi. Masu taya 27.5 da 29 ma sai ka tabbatar da tayarsu tukuna. Tafi da ɗan maganaɗisu: in ya manne a firam ƙarfe ne, in bai manne ba alminiyam ne, ya fi sauƙin nauyi amma in ya tsage ba kowane mai walda ke iya masa ba. Ka lissafa kuɗin kariya, madigadi da jak a cikin farashin, don yawanci tsirara yake zuwa. Sarƙarsa a buɗe take, ga ƙarfen giya a rataye kusa da ƙasa yana kwasar ƙura, don haka ya fi sauran biyun son kulawa.

Keken tsere mai siririyar taya ka bar shi, ba na lungunanmu ba ne. Mai batir kuwa yana da daɗi, sai dai batirin litiyam ba a cajinsa idan zafinsa ya haura digiri 45, mu kuma a watan Afrilu da Mayu inuwa ma kan wuce 40. Wanda ba shi da wuri mai sanyi da tsayayyiyar wuta ya yi tunani sosai.

Yadda ake duba na hannu

Kada ka saya da magariba, kada kuma ka saya ba ka hau ba. Ka ce wa mai kaya, "Alhaji, a ba ni in ɗan zaga da shi." Kafin nan ka durƙusa ka shafa ƙasan bututun firam, daf da wuyan keke. In ka ji tudu ko ka ga fenti ya tattare, ya taɓa yin karo, a wuce shi komai arha. Tsaya daga baya ka hango ko ƙafafun biyu suna kan layi ɗaya. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, idonka a kan tazarar rim da robar birki: kaɗawar milimita 2 ko 3 ana gyara ta da sifok, amma rim mai lotsawa sai sauyi. Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, ka yi wa hannun feda haka, duk inda ka ji motsi boris ne ya ci. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuya na ƙwanƙwasa shi ma haka. Matsa sifok bibbiyu da yatsu ka ji ko akwai sako-sako. Sarƙa kuma auna ta ake yi: sabuwa, daga ƙusa zuwa ta 24 bayanta, inci 12 ne cif. In ta kai 12 da ⅛ ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta riga ta cinye haƙoran baya. A kan hanya ka gwada kowace giya kana danna feda da ƙarfi, wadda ta zame tana da magana.

Girman ma a gwada. Ka tsaya da sanda a tsakanin ƙafafunka, a samu tazarar yatsu biyu zuwa uku. Tsayin sirdi daidai shi ne in ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Mutane da yawa na barin sirdi ƙasa don su taka ƙasa a zaune, daga nan ciwon gwiwa ke farawa. Ka karɓi rasit, a rubuta lambar firam a ciki, tana ƙarƙashin gindin feda ko a wuyan keke. Keken da mai shi ya ƙi a rubuta takarda, ka bar masa kayansa.

In kuɗinka ya rage, taya za ka fara kashe wa. Tsidau da ƙayar aduwa su ne abokan gabar mai keke a nan, kuma taya mai kauri da tiyub mai kyau sun fi kowace ƙawa. Wasu kan yanka tsohon tiyub su shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon, yana taimakawa. Iska ka bi abin da aka rubuta a gefen tayar, ga yawancin waɗannan kekuna tsakanin 40 da 50 ne a ma'aunin mai faci. Ƙarancin iska na sa rim ya tsunkule tiyub ya yi huda biyu a jere, yawanta kuma ga keken da ke yini a rana fashewa ce. Injin mai faci na mota ne, ka ce ya sa a hankali. Ka sayi famfon hannu, kwaɗo da sarƙa mai kauri da za ta zagaye firam da wani ƙarfe kafaffe, da jar fitilar baya, musamman in kana bin hanyar da tirelolin siminti daga Kalambaina ke bi. Kada ka taɓa kutsawa ta gefen daman babbar mota a mahaɗa, direban ba ya ganinka.

Baƙin mai da ake lafta wa sarƙa kuskure ne. Da hunturu yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙa da haƙora tare. A goge ta da tsumma mai ɗan kananzir, a ɗiga mai mara kauri irin na keken ɗinki a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a goge na waje tas. Mai buɗaɗɗiyar sarƙa ya yi haka duk mako a lokacin ƙura, mai rufaffiya sau ɗaya a wata ya isa. Kowane iri ka saya, bayan mako biyu da fara hawa ka mayar da shi wurin mai gyara, don a lokacin ne sifok ke saki, wayar birki ke miƙewa, notin kariya da na feda kuma ke neman a ƙara ɗaure su.