Gatarin Kan'aniyawa daga hannun maƙerin Sakkwato

Duk malamin tarihin da ke son ɗalibansa su riƙe darasi da hannunsu, to ya nufi Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato. Can na kai wa wani dattijon maƙerin fari hoton gatarin yaƙin Kan'aniyawa, mutanen da suka zauna inda Falasɗinu da Labanan da gaɓar Siriya suke yau, na ce ya zuba mini irinsa. Gatari ne na wajen shekara 2000 zuwa 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai siffar bakin agwagwa da huda biyu, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Masu tonon kayan tarihi sun fi samunsa a kaburburan mayaƙa.

Dattijon ya juya hoton ya ce, "Malam, wanga ba shi saran icce." Na ce, "Baba, ai don kan mutum aka yi shi."

Ƙota ce ta jawo gardama. Namu gatarin shi ake cusawa cikin ƙota, nasu kuwa rami gare shi, ƙotar ke shiga ciki. Dattijon ya so ya gyara musu kuskure, da ƙyar na hana shi. Amma da ya yarda, ya yi aiki. Da kaki da yumɓu ya fitar da siffar, ba da mazubin dutse mai ɓari biyu irin nasu ba, duk da haka hudojin sun fito daidai, ramin bai karkace ba, ƙotar ta zauna daram. A nan ba ni da ta cewa.

Ƙorafina ƙarfen ne. Tsofaffin kawunan famfo ya narka, masu haɗin tutiya, sai gatarin ya fito rawaya fau, ya kuma goge shi har yana ɗaukar ido. Tagullar wancan zamanin haɗin jan ƙarfe ce da kuza, kuzar kusan kashi ɗaya cikin goma. Jirgin ruwan da ya nutse a Uluburun, gaɓar Turkiyya, wajen 1300 kafin haihuwar Annabi Isa, tan 10 na jan ƙarfe ya ɗauko da tan 1 na kuza. Lissafin da na so ɗalibai su gani a launin gatarin ke nan, yanzu sai dai in rubuta musu a allo.

Kuɗinsa da sauƙi, kuma bai saɓa ranar alkawari ba. Wanda zai je, ya tafi da jan ƙarfensa da kuzarsa, ya kuma ce kada a goge.