Gargaɗi ga masu ƙawata baranda: akwai mai sayar da fenti da gam da sunan fulawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, don ba mai son a ce shi aka yi wa sakiyar da ba ruwa. Abin da ya sa na ga shirun ya isa haka, ranar Asabar na je barka gidan wata ƙawata, na leƙa barandarta, sai ga irin tukwanena sak guda huɗu a jere, abin da ke ciki ya bushe ƙayau. Tana ganin inda idona ya tsaya ta yi dariyar kunya, ta ce, "Bari kawai, ni ba ni da hannun shuka." Gabana ya faɗi, don kalmar da na shafe wata biyu ina faɗa wa kaina ke nan. Da muka buɗe wayoyinmu, mutum ɗaya ne ya sayar mana, sunan shafin ne kawai ya bambanta.

A Kaduna muke, gidan haya, hawa na biyu. Ba tsakar gida, sai 'yar baranda da ba ta fi taku biyar ba. Ni kuwa a gidan da na tashi akwai lalle a bayan ɗaki, zogale a bakin rijiya, ɗaɗɗoya a tsohon bokiti, to idona ya kasa sabawa da siminti tsura. Ina cikin haka na ci karo da shafinsa a Instagram. Hotuna kamar a ce aljannar duniya: baranda cike da kore, furanni shuɗi da ruwan hoda, ga zane rataye a bango. Yana sayar da abin da ya kira ƙunshin baranda, wato tukwane shida da shukarsu, fakitin iri uku, da zanen bango biyu da ya ce da hannu aka yi su. Naira dubu 85, ban da kuɗin mota. Na yi masa magana, ya koma da ni WhatsApp, murya a sanyaye, "Hajiya, saura biyu kacal, daga Holand kayan suka zo." Na ce a bar ni in biya idan kaya sun iso. Ya ce shuka mai rai ce, ba a ɗora ta a mota sai an biya. Na ga kamar da hujja, na tura. Cinikin biri a sama dai, na sani, ba sai an faɗa mini ba.

Ku lura da nan, don shi ne ya bambanta shi da 'yan damfarar da muka saba ji. Wannan ba ya karɓar kuɗi ya ɓace. Kaya suna zuwa. Bayan kwana huɗu direba ya kira ni na je tasha na ɗauko kwali biyu, kuma ranar da na jera su, wallahi sun yi kyau. Har hoto na ɗauka na tura masa da godiya, wanda yanzu na san yana cikin hotunan da yake nuna wa wasu a matsayin shaidar masu saye. Dabararsa ita ce shuka ba ta mutuwa rana ɗaya. Tana ɗaukar sati uku, huɗu, shida, kuma kafin nan mai saye ya riga ya yi mata ban ruwa sau ashirin, ya matsar da ita daga rana zuwa inuwa. Idan ta mutu, wa zai zarga? Kansa.

Na farko da ya tona asiri kaktus ne, ƙananan nan masu ƙaya, kowanne da fure ja ko rawaya a ka. Sati biyar furen nan bai yanƙwane ba, bai faɗi ba. Ni har ina yabo. Autata ce ta ja ɗaya ya ciro a hannunta, sai ga dunƙulen gam a ƙasansa, irin wanda ake narkawa da zafi, inda aka manna shi kuma fatar shukar ta ƙone ta yi tabo. Busasshen fure ne na wata ciyawa dabam. Abin da ke ƙara ruɗar mutum, irin wannan busasshen fure yana tsukewa idan ya ji danshi, ya buɗe idan ya bushe, sai ka rantse yana da rai. Furen kaktus na gaskiya kwanaki kaɗan yake yi, wani ma kwana ɗaya.

Sai masu kaurin ganyen nan da suka zo shuɗi shar, da ƙyalli a jiki. Sabon ganyen da ya fara toho daga tsakiya kore ne. Na kankare tsohon da farce, fenti ya biyo. Ganye da hasken rana yake haɗa abincinsa, ta ƙananan ƙofofin jikinsa yake numfashi, to an toshe duka biyun. Ɗaya ta rayu da ƙyar, ɗaya ta ruɓe.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce wadda ya rubuta wa suna mai tsawo na Turanci ya ce ta Tailan ce. Da ganyenta ya gama zuba na ɗauki tukunyar na kai wa wani dattijo da ke sayar da shuke-shuke a bakin titi, wanda na sha wuce shi ban taɓa tsayawa ba, saboda tukwanensa leda ce baƙa, ba kyan gani. Ya duba, ya riƙe reshen da yatsu biyu ya ja a hankali, sai ga shi ya fito salin-alin kamar an zare tsinke. Ko saiwa ɗaya babu. Ƙasan reshen a yanke yake da wuƙa, ya yi baƙi.

Ya ce, "'Yata, wannan ai kariya ce. A dajin nan namu take fitowa. Reshe aka yanko da furensa aka soke miki a ƙasa."

Na ce, "Baba, to ba a dasa ta da reshe?"

Ya ce, "Ana yi. Amma sai an bar yankan ya sha iska ya bushe, a sa a ƙasa mai yashi, a rage ruwa, a jira ta yi saiwa kafin a sayar wa mutum. Wannan ko kwana uku ba ta yi a tukunya ba aka ɗora ta a mota. Kuma ki duba abin da aka cika miki." Ya zazzage tukunyar. Baƙar ƙasa kaurin yatsa biyu a sama, sauran duk jar laka ce irin ta wurin gini, ta dunƙule kamar tubali. Tukunyar kuma ba huda a ƙasa, ruwan da nake zubawa duk yana kwance. Ya ƙara da cewa in kula da yara, don ruwan jikin kariya guba ne, mafarauta na dā da shi suke haɗa dafin kibiya. Mai sayarwa bai ce mini uffan a kan wannan ba, alhali na gaya masa ina da ƙananan yara.

Ita kanta tukunyar, da ya ce tangaran ce, farar hodar nan ce da ake yin silin da ita, aka zuba a mazubi aka shafe da fenti mai sheƙi. Ba ta jure jiƙa. Biyu sun fara ɓarɓashi daga gindi tun kafin wata ya cika. In kun ƙwanƙwasa tangaran ko tukunyar ƙasa da aka gasa da kyau za ku ji ƙara tas, wannan kuwa sautinta a dushe yake, kuma idan aka karce cikinta da makulli fari ne kamar alli. Abin takaici, muna ƙasar da hoton Ladi Kwali yake bayan takardar naira 20 saboda ginin tukwane, ni kuma na sayi alli da kuɗin tangaran.

Maganar iri ita ce ya kamata kowa ya riƙe, don ba shi kaɗai ke yin ta ba, ta cika intanet. Fakiti uku ya ba ni: wardi shuɗi, wardi mai launin bakan gizo, da wani fure da ake kira tulif. Na shuka na farko, abin da ya tsiro ya fi kama da alayyahu. Na biyu ko tsiro. Da na bi diddigi sai na gane babu yadda za a yi ya fito. Wardi ba shi da ƙwayar halittar da ke samar da launin shuɗi. Kamfanin Suntory na Japan da Florigene na Ostareliya sun fara neman shuɗin wardi a 1990, sai 2004 suka sanar da nasara ta hanyar sauya ƙwayoyin halitta, aka fara sayar da shi a Japan a 2009 da sunan Applause, kuma duk da wannan wahala launinsa shunayya ne mai haske, bai kai shuɗi ba. Abin da manyan kamfanoni suka yi shekara 14 suna nema, shi ne wani zai ƙulla miki a leda. Na bakan gizon kuwa farin wardi ne ake tsaga karansa gida-gida, a tsoma kowane tsagi a ruwan rini dabam, furen ya zuƙa. Rini ba ya bin iri. Tulif kuma da albasarsa ake shuka shi, kuma albasar tana buƙatar watanni na sanyi mai tsanani kafin ta yi fure, irin sanyin da hunturunmu bai kai ko kusa ba.

Duk hoton da kuka ga fure baƙi ƙirin, ko shuɗi mai walƙiya, ko launi bakwai a reshe ɗaya, an ce ga irinsa, ku ajiye wayar. Da kwamfuta aka rina hoton, yanzu ma wasu na'urar ce ke ƙirƙirar su ɗungurungum. A 2020 mutane a Amurka sun riƙa samun ƙullin iri ta gidan waya daga Sin ba tare da sun yi oda ba, hukumar noma ta ƙasar ta ce alamu sun nuna dabarar 'yan kasuwar intanet ce ta ƙirƙirar shaidar masu saye ta bogi, kuma ta hana a shuka su. Dalilin hanin ya shafe mu: irin da ba a san asalinsa ba yana iya zuwa da muguwar ciyawa ko cutar shuka. A nan Najeriya ma shigo da iri ko shuka daga waje sai da izinin hukumar tantance kayan noma da ke shiga da fita ƙasa, NAQS. Duk wanda ya ce kayansa daga Holand suke, ku ce ya nuna takardar. Ni ban tambaya ba.

Zanen bango ba zan daɗe a kansa ba. Bugun inji ne a kan kyalle, aka bi samansa da wani abu mai kauri marar launi don a ji tudun buroshi idan an shafa. In aka karkata shi a haske za a ga tudun bai bi zanen ba, yana tafiya inda ya ga dama. Ƙawata ta fi ni asara a nan, don nata rubutun Ayatul Kursiyyu ne, kuma mijinta da ya karanta ya tarar an tsallake kalma. Sun sauke shi.

Da na koma wa mai sayarwar da hotuna, bai ɗaga murya ba ko kaɗan. "Subhanallah, Hajiya, ruwa kika cika mata." Ƙawata kuwa, da muka gwada saƙonnin, ce mata ya yi ruwa ya yi kaɗan. Ni ya ce rana ta yi yawa, ita ya ce inuwa. Mu biyun ya ɗora wa hunturu sauran laifin. Sannan ya kawo zagaye na biyu: wai akwai maganin farfaɗo da saiwa, naira dubu 12, amma saboda ni ce zai bar shi dubu 9. Saiwar da babu ita! Ƙawata ta saya, ruwa ne mai launi a gorar roba, ba suna ba tambari. Ni da na tura masa hoton reshen a tafin hannun Baba, na ce a mayar mini da kuɗina, cikin minti biyar ya toshe ni ta ko'ina.

Ba zan rubuta suna ko lamba a nan ba, maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ba zai amfane ku ba tunda canza shi yake yi kamar riga. Ga dai kamanninsa. Ba shi da wurin da za a je a gani, kullum "gonar tana bayan gari". Ba ya yarda da kiran bidiyo. Sunan da ke kan asusun da ake tura kuɗi dabam yake da na shafin. Sharhin da ke ƙarƙashin hotunansa yabo ne zalla, kuma duk na ranar da kaya suka iso ne, ba za ku ga wanda ya dawo bayan wata biyu ya nuna shukarsa ba. Da na sa hotunan barandar nan a manhajar binciken hoto ta Google, sai ga su a shafukan ƙasashen waje tun shekarun baya.

In kun riga kun faɗa, kada ku goge komai. Ku adana hirar, da saƙon murya, da shaidar tura kuɗi, ku ɗauki hoton gindin shukar da cikin tukunyar. Ku sanar da bankinku da wuri, ku kai wa 'yan sanda, ku shigar da ƙorafi a hukumar kare masu saye, FCCPC, sannan ku kai rahoton shafin. Mu mun yi duka, kuɗi dai har yau shiru, amma yanzu mu biyar ne muka haɗu, kuma sauran ukun ba su taɓa tunanin an cuce su ba sai da suka ji labarinmu.

Wanda zai saya gaba, ga abin da Baba ya koya mini a tsaye a bakin titi. A ɗaga ledar a duba ƙasanta, in saiwa ta leƙo ta huda, shukar ta kama. A ja karan a hankali, mai saiwa tana turjewa. A nemi sabon toho, a duba launinsa ya yi daidai da na tsohon ganye. A sa yatsa cikin ƙasar ya wuce saman. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi da kansa zai zare ledar ya nuna. A wurinsa na ɗauki moda biyu, alobera, na'a-na'a da kariya mai gindi kamar tulu, duka ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na tura wa wancan ba. Tukwanen ƙasa na saya a kasuwa, aka huda mini su, bango kuma na rataya faya-fayai uku na saƙar hannu. Ya kuma ja mini kunne kada in tara manyan tukwanen siminti a bakin baranda, don jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta.

Shekaranjiya wata daga cikinmu ta turo mini hoton allon wayarta. Ɗan damfarar ya buɗe sabon shafi, sabon suna, hotunan nan dai, har da na barandata ranar farko. Yanzu ƙunshin amarya yake tallatawa, wai a ƙawata mata baranda kafin ranar jere, kuma saura biyu kacal.