RMR ko DeltaPoint Pro? Amsa ga mai neman jan ɗigo ƙirar Amurka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda ka ce na'urar saiti mai jan ɗigo ƙirar Amurka kake so ka ɗora wa ƙaramar bindigar da kake zuwa filin harbi da ita, kuma hankalinka ya rabu tsakanin RMR na Trijicon da DeltaPoint Pro na Leupold, to sayi RMR Type 2 mai girman ɗigo 3.25, wanda lambarsa RM06. Shi ne a kan tawa, kuma da yau zai ɓata, gobe irinsa zan sake nema.

Amma kafin ka fitar da ko sisi, ɗauko takardar bindigarka ka duba wane irin gurbi aka yanka a samanta. Mazaunin RMR daban, na DeltaPoint daban, ramukan noti ma ba wuri ɗaya suke ba. Bindigar Glock mai MOS, wato wadda aka yanka wa gurbin na'ura tun daga masana'anta, da ƙaramin faifan ƙarfe take karɓar kowannensu. Bindigogin M17 da M18 na kamfanin Sig kuwa an yanka su ne da gurbin da ya dace da DeltaPoint Pro. Idan irin wannan ce a hannunka, shawarata ta ɗan yi rauni, domin ɗora na'ura kai tsaye a kan ƙarfen bindiga ya fi ɗora ta a kan faifai. Duk abin da aka ƙara a tsakani wani wurin kwancewa ne.

Sharaɗin da ka gindaya ya riga ya kori da yawa daga cikin waɗanda 'yan'uwa za su fara ambata maka. Aimpoint, waɗanda suka fitar da jan ɗigonsu na farko tun 1975, a birnin Malmo na ƙasar Suwidin suke. Holosun a China ake ƙera shi, ko da yake ofishinsu na nan Kalifoniya. Sig wasu nasu a China ake yi, wasu a jihar Oregon ake haɗawa, sai ka karanta kwalin kowanne. EOTech na jihar Michigan ne, amma abin da aka san su da shi babba ne, na doguwar bindiga, kuma fasaharsa ta bambanta da wadda kake tambaya. Su ne kamfanin da ya mallake su a lokacin, L-3, ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 a 2015 kan zargin ɓoye cewa saitin na kaucewa a tsananin zafi ko sanyi. Tuni kamfanin ya sauya hannu.

Ka kuma lura da abin da aka rubuta a kwali. Hukumar FTC, mai sa ido kan kasuwanci a Amurka, ba ta yarda a buga "Made in USA" kai tsaye ba sai idan dukkan kayan, ko kusan dukkansu, a nan aka yi su, kuma a 2021 ta mayar da wannan ƙa'ida doka mai tara. Shi ya sa za ka ga wasu na rubuta cewa a nan aka zana, a nan aka sassaƙa, a nan aka haɗa, ba su taɓa waccan kalmar ba. Haka Leupold ke rubutawa, domin aikin ƙarfen da haɗawar a Beaverton ta jihar Oregon ake yi, gilashin kuma daga waje yake zuwa. Trijicon ma ba komai nasu ne na gida ba, akwai dogayen maduban hangensu da ake yi a Japan. RMR dai daga masana'antarsu ta Michigan yake fitowa.

Abin da ya sa nake tsaya wa RMR shi ne jikinsa. Dube shi ta gaba, za ka ga saman firam ɗin ya lotsa a tsakiya, gefe biyu sun ɗago kamar kunnuwa. Ba don ado aka yi haka ba. Idan bindiga ta faɗi ta samanta, kunnuwan ne ke fara taɓa ƙasa, ƙarfin dukan ya bi ta gefe ya sauka cikin jiki, gilashin da ke tsakiya ya tsira. Da alminiyon 7075 aka buga shi, irin na sassan jirgin sama, duka nauyinsa da batir bai wuce giram 35 ba.

Na ga amfanin kunnuwan nan da idona. Wata safiyar hunturu a filin harbinmu na waje, sanyi ya kashe mini yatsu, na cire harsasai na buɗe bindigar na ajiye a bakin benci zan sa safar hannu, wani maƙwabcin layi ya ja jakarsa, sai ga ta a kan siminti, kuma kan na'urar ta faɗa. Mai kula da filin ya zo ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya miƙo mini yana girgiza kai, ya ce in shirya sayen sabo. Na goge shi da gefen riga. Kunne ɗaya ya ɗan ƙuje, fenti ya tashi, ɗigo na nan yana ci. Na rataya sabuwar takarda a yadi 15, na harba, ramukan suka taru inda suka saba taruwa. Ban taɓa noti ko ɗaya ba ranar. Tabon na nan har yanzu, ban ma yi tunanin shafe shi ba.

Sai batir. CR2032 yake ci, irin mai faɗin nan da ake samu a kowane kantin magani. Kamfanin ya ce yana kai shekara 4 a kunne dare da rana idan hasken na mataki na 4 cikin 8. Ni ba na kashe nawa sam. Ina ɗagawa ɗigo na jirana, babu maɓallin da zan lalubo. Sau ɗaya a shekara nake sauya batir ko bai mutu ba, na haɗa shi da lokacin da ake mayar da agogo baya a nan Amurka a watan Nuwamba don kar in manta. Maɓallan haske biyu ne, na ƙari a gefe ɗaya, na ragi a ɗaya gefen, ko da safar hannu ana jin su.

Type 2 ɗin nake nanata maka da dalili. RMR na farko ya fito a 2009, kuma da mutane suka fara ɗora shi a saman ƙananan bindigogi, wanda ke ja da baya ya dawo da ƙarfi a kowane harbi, sai aka riƙa samun ɗigon na ƙyaftawa saboda batir na rabuwa da mahaɗinsa. A 2017 aka fitar da Type 2 da aka sake wa mahaɗin fasali. Shekara ɗaya bayan haka rundunar ayyuka na musamman ta sojan Amurka ta zaɓe shi don ƙananan bindigoginta. Idan wani ya tallata maka na hannu da araha, fara duba ko an rubuta Type 2 a jikinsa.

Yana da nasa aibin, ba zan ɓoye maka ba. Batir a ƙasansa yake, sai ka kwance na'urar gaba ɗaya kafin ka sauya, sannan ka koma fili ka tabbatar saiti bai motsa ba. Tagar ƙarama ce, sabon shiga kan ɗaga bindiga ya yi ta jujjuya wuyan hannu yana neman ɗigo. Gilashin kuma yana da ɗan shuɗi-shuɗi. Shuɗin daga shafen da ke maido da jan haske zuwa ido yake, kuma shi ke sa fitilar ba ta buƙatar ƙarfi sosai, batir ya daɗe. Neman ɗigon kuwa atisaye ke maganinsa: a gida, bindiga babu harsashi, ka zuba ido biyu a buɗe kan abin da kake nufi, ka kawo bindigar gaban idonka, kar ka kai idonka wajenta. Bayan ɗan lokaci hannu zai haddace.

DeltaPoint Pro fa? Ba laifi. Tagarsa ta fi faɗi, gilashinsa ya fi fari, batir ta sama ake sa shi ba tare da kwance komai ba, kuma kamfanin tun 1907 yake aiki. To amma ya fi nauyi, ya fi tsayi a kan bindiga har sai ka nemi dogayen saitin ƙarfe, wato alamun saiti da ake kafawa a jikin bindigar, idan kana son ganin su ta cikin taga, maɓalli ɗaya ne ke zagaya matakan haske, batirinsa kuma da sa'o'i ake lissafa shi, shi ya sa aka sa masa dabarar kashe kansa bayan minti 5 babu motsi, ya farka idan an taɓa shi. Masu gasa da 'yan farautar talotalo na son sa. Idan faɗin taga ne ya ja ka, Trijicon ma na da SRO da ya fito a 2019, zagayayye, batir ta sama, mazauninsa ɗaya da RMR, sai dai ba shi da kunnuwan nan.

RMR da DeltaPoint Pro duka fitilarsu a buɗe take a bayan gilashi. Ɗigon ruwan sama ko dusar ƙanƙara ya faɗa kanta, jan ɗigo ya tarwatse. Ga mai zuwa filin da ke da rufi wannan ba abin damuwa ba ne.

Kan girman ɗigo: da ma'aunin MOA ake auna shi, kuma MOA ɗaya kusan inci ɗaya ne a yadi 100. Ke nan ɗigo 3.25 zai rufe ƙasa da inci ɗaya a yadi 25, ya ishe ka ganin tsakiyar takarda. Mai 6.5 ya fi saurin kamawa a ido, amma yana cinye ƙaramin abin hari idan ya yi nisa. Mai 1 kuwa bar wa masu doguwar bindiga. Ka shiga shago ka leƙa da idonka kafin ka saya. Idan ɗigon ya fito maka kamar tauraro mai jela, ɗauki hotonsa da waya. In a hoto ya fito zagayayye, to na'urar lafiyarta ƙalau, idonka ne ke da matsalar da likitoci ke kira astigmatizim, tabarau kake buƙata. Rage hasken ma yana taimakawa, yawancin mutane suna ƙure shi fiye da kima.

Akwai wani abu da gara ka ji daga bakina kafin ka gan shi a jikin kayan. A watan Janairun 2010 tashar ABC ta bayyana cewa Trijicon na buga lambobin ayoyin Baibul a ƙarshen lambar kayansu, kamar JN8:12 a kan madubin hangensu mai suna ACOG da sojoji ke amfani da shi a Iraƙi da Afghanistan, al'adar da ta samo asali daga wanda ya kafa kamfanin, Glyn Bindon. Bayan surutu ya yi yawa sun daina a kan na soja, amma na farar hula ba su daina ba; a jikin RMR za ka ga 2PE1:19. Wani bai damu ba, wani kuma ba zai so ba. Idan kana cikin na biyun, DeltaPoint Pro ya samu ƙarin maki.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi duk na sama muhimmanci: jabu. RMR na cikin na'urorin da aka fi kwaikwaya, kuma Trijicon da Leupold duka sun sha fitar da gargaɗi. Na asali sabo yana yawo ne a kusa da dala 500, ya ɗan hau ko ya ɗan sauka. Duk wanda ya ce maka sabo fil a kwali dala 150 saboda wai yana bukatar kuɗin haya, ko wai ɗan'uwansa soja ne ya ba shi, wuce abinka. Araha ba ta ado. Yawancinsu kwafi ne da aka yi don bindigar wasa mai harsashin roba, an buga musu tambari da lamba, har da 'yar takardar garanti. A hannu suna kama da na gaske. Sai an fara harbi jijjigar ta kashe fitilar, ko saitin ya riƙa yawo, ko gilashin ya ɓalle.

Dabarun masu wannan harka sun wuce rage farashi. Wani zai sa shi dala 400 don kar ka yi zargi. Wani zai sayi na gaske a babban kantin intanet, ya zare shi ya sa jabu a kwalin ya mayar, kwalin ya sake fita kasuwa ya faɗa hannun wanda bai ji ba bai gani ba. Wani kuma zai buɗe shafi mai suna kusan iri ɗaya da na sanannen shago, ya ce kati ba ya aiki yau, a tura ta manhajar da ba a iya dawo da kuɗi ko ta katin kyauta. Da ka ji haka ka san inda aka dosa. Shiga shafin kamfanin ka ga jerin dilolin da suka amince da su, ka saya a wurin ɗayansu, ka biya da katin banki, ka adana rasit. Idan na hannu ne, karɓi lambar jikinsa da hotuna masu kyau ta kowane gefe ka tura wa kamfanin tun kuɗinka na aljihu. Mai gaskiya ba zai ƙi ba ka lamba ba. Rubutun na gaske a tsaftace yake, kuma idan ka murza wurin saiti za ka ji ƙas-ƙas daidai, kowane ɗaya MOA ɗaya. Na jabu yakan yi laushi kamar ba a murza komai ba.

In ya iso, kar ka ɗaura da noti duk da ka tsinta a akwati. Wanda ya yi tsawo zai iya taɓa kayan cikin bindigar ya hana ta aiki. Yi amfani da wanda aka ƙayyade, ɗan ɗigon gam na noti mai launin shuɗi, da sukuddireba mai auna ƙarfin ɗauri. In babu, mai gyaran bindiga zai yi maka da kuɗi kaɗan.

Na san kuma da zarar 'yan gida sun ga hoto, wani zai ce a taho masa da ɗaya a jaka. Kar ka soma. Fitar da irin waɗannan na'urori daga Amurka sai da lasisin gwamnati, shigar da su Najeriya kuma sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro. Ƙaramin abu ne da bai cika tafin hannu ba, amma ya isa a tsare mutum a filin jirgi, takardun zamansa ma su shiga matsala.