Zuƙe kitse ko tiyatar ɗaure ciki: amsa ga ƙanwata mai haihuwa huɗu

Ƙanwata, kin tambaye ni wanne ya dace da ke, zuƙe kitse ko tiyatar ɗaure ciki. Ki cire zuƙe kitse daga lissafinki. Tunda kin ce haihuwa huɗu, ta ƙarshe da aiki, kuma fata ta zubo har ta rufe tabon, tiyatar ɗaure ciki ce taki, wadda likitocinmu ke kira abdominoplasti. Duka biyun an yi mini su a jikina, shi ya sa ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Da zuƙe kitsen na fara, bayan na yaye autana. Wata mata ce ta haɗa ni da wani ƙaramin asibiti a Duwala, ta ce aikin yini ɗaya ne, ba yanka ba tabo. Kuɗin adashena na shekara biyu a nan suka tafi. Da kumburi ya sauka bayan wata uku, cikin ya ɗan ragu, amma fatar ta ƙara yamushewa kamar buhun da aka juye masa gero, in na shafa sai in ji tudu da kwari. Ba wanda ya gaya mini cewa siririn bututun nan kitsen da ke ƙarƙashin fata kaɗai yake ɗebewa. Ba ya rage fata ko da faɗin yatsa, kuma ba ya taɓa naman ciki. In zan yi masa adalci, yana da amfani ga wadda ba ta haihu ba, fatarta da sauran ƙarfi, kitse ne kawai ya taru mata a kwiɓi. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Mu da muka haihu, matsalarmu daban ce. Akwai nama guda biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, gefe da gefe. Duk cikin da mace ta ɗauka sai ya ɗan raba su, wata su koma, wata su ƙi. In suka ƙi, kayan ciki ne ke turowa gaba, shi ya sa za ki ga mace siririya ana yi mata barka da ciki alhali ba ta da komai. Ki gwada yau da dare. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa, ki ɗaga kai kaɗan, ki danna yatsu a saman cibiya. In yatsa biyu ko fiye suka nutse a tsakani, naman ya rabu. Nawa yatsa huɗu ne suka shige. Hoton eko, irin hoton cikin da ake yi wa masu juna biyu, zai tabbatar miki, kuma ana yin sa a nan Garwa, ba sai kin hau jirgi ba. Amma in cikin tauri gare shi kamar ganga, ba ki iya kamo fatar da hannu, to teɓar a can ciki take kewaye da hanji. Wannan ba tiyatar da ke kai mata, sai rage ci da motsa jiki.

Shekara uku na zauna da baƙin cikin aikin farko kafin na sake yarda da wani likita. A Tunis aka yi mini na biyu, inda matanmu da na Chadi kan je saboda Faransanci. Abin da ya fara kwantar mini da rai shi ne likitan ya ƙi ni. Na aika masa gwajin jini daga nan, ya ce jinina ya yi ƙasa, ba zai taɓa ni ba sai ya hau. Wata biyu ina shan ƙwayar ƙarin jini, ina cin hanta da zogale. Da na je, ya zaunar da ni ya zana mini inda wuƙa za ta bi, daga wannan ƙugu zuwa wancan, ƙasa sosai inda zane ke rufewa. Ya ɗinke naman da ya rabu tun daga ƙirji har mara, ya janyo fata ƙasa ya yanke rarar, ya fito da cibiyata ta sabuwar kafa. Tsohon tabon haihuwa da nankarwar da ke ƙasan cibiya duk sun tafi tare da fatar da aka yanke. Nankarwar sama tana nan, ta dai sauko ƙasa.

Wata takwas bayan haka aka yi bikin 'yar yayata a Marwa. Na ɗaura atamfa ba tare da na naɗe ƙyalle a ciki ba, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Tun hantsi ina kan tukunya har aka kira Magariba, sai a lokacin na tuna bayana bai yi ciwo ba. Da can ba na iya tsayuwar awa ɗaya sai na nemi kujera. Yayata ta kama hannuna ta ce, "Kin dawo mana." Har yau in na tuna sai hawaye ya zo mini.

Kada daɗin labarin ya ɓoye miki wahalar. Babban aiki ne, awa uku ina cikin barcin allura. Na farka da robobi biyu suna janyo ruwa daga ciki, sun kwana biyar a jikina. Kusan mako biyu ina tafiya a duƙe, sallah a zaune na yi ta fiye da wata guda. Mako shida ba ɗaukar yaro, ba bokitin ruwa, ba daka, kuma damarar roba, gen ɗin nan, tana jikinki dare da rana. Ki yi tunanin sa ta a Garwa cikin Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ki tsara jinyarki ta faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu, kuma ta kauce wa azumi, don rauni yana son abinci da ruwa. Ƙasan cibiyata ya yi watanni ba na jin taɓi. Tabon kuma ba ya ɓacewa, yana dushewa ne cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In hujin kunnenki ko wani tsohon ciwo ya taɓa tasowa ya yi tudu, ki faɗa wa likita tun farko, fatarmu ta baƙaƙe ta fi saurin yin haka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan tsinke ya toshe huhu. A cikin ayyukan gyaran jiki, wannan tiyata na daga cikin waɗanda suka fi jawo shi, doguwar tafiya a jirgi kuma tana ƙara haɗarin. An yi mini allurar tsinka jini, an sa mini safa mai matsewa, an tilasta mini takawa tun washegari, kuma sai da na cika mako biyu aka bar ni na taso. In ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Sharaɗi ɗaya na gindaya miki. In ke da maigida ba ku rufe zancen haihuwa ba, kada ki yi ko ɗaya. Ana iya ɗaukar ciki bayan aikin, amma zai sake raba naman ya buɗa fatar, kuɗi da wahala su tashi a banza. In kina shayarwa, ki bari ki yaye tukuna, nauyinki ya tsaya wuri ɗaya.

Na san zuciya na tambayar halacci, ni ma sai da na je wurin malam. Ya kawo mini labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Ya ce mayar da abin da ya lalace daban, sauya halitta don gasa daban. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma a kan wannan bambanci ta tsaya a zamanta na Malesiya a 2007. Ki kai wa naki malamin bayanin halin da kike ciki dalla-dalla.

Ba ki tambaye ni dillalai ba, amma sai na faɗa. Masu tallar nan a Facebook da TikTok, da hotunan "kafin" da "bayan", da yawansu ba su taɓa shiga ɗakin tiyata ba, la'ada suke ci a kan kowace mace. Wadda ta kai ni Duwala, ranar da na kira ta ina kuka ta daina ɗaukar wayata. Za su ce miki zuƙe kitse ƙaramin abu ne. Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya mai ci a lokacin, a kansa ta rasu a Sifen cikin Oktoba 2005. Bututun ya shige cikin ciki ya huda hanji ya ji wa hanta rauni, kotu ta kama likitan da laifin sakaci a 2009. Za su kuma ce tunda an ɗebo kitsen, a zuba miki shi a mazaunai a farashi ɗaya. Ki ce a'a. Wani binciken likitocin wannan fanni da ya fito a 2017 ya ƙiyasta mutuwar kusan mutum 1 cikin 3,000 a wannan aiki, saboda kitse kan shiga jijiyar jini ya wuce huhu. Masu allurar ƙara ƙugu a ɗaki da masu shayin rage tumbi, wanda yawancinsa zawo yake sa wa, ko gaisuwa kada ta haɗa ku a kan wannan magana.

Kafin sefa ɗaya ta fita hannunki, ki karɓi cikakken sunan likitan, ki duba ko yana cikin rajistar hukumar likitocin ƙasarsa a matsayin ƙwararren tiyatar gyaran jiki. Ki yi magana da shi kansa ido da ido, ko ta bidiyo. Ki tambaya ko akwai likitan allurar barci da ɗakin kulawar gaggawa a ginin. Kuɗi asusun asibiti za su shiga, ba lambar wayar wani ba. Ki tafi da 'yar'uwa da za ta kwana da ke, kuma tun kafin ki tashi ki samu likitan tiyata a nan gida da ya yarda zai duba raunin in kin dawo, don ruwa kan taru a ƙarƙashin fata makonni bayan aiki, sai an zuƙe shi da sirinji. In kin yi ekon, ki gaya mini faɗin da aka auna.